Harhaɗa Ƙaramin Jirgi Mai Farfela Huɗu a Gida: Jagora ga Ɗan Koyon Aikin Lantarki

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan ba abin mamaki ba ne mutum ya je wurin biki ko hawan Salla ya ji wani ƙugi a sama kamar na taron zuma, in ya ɗaga kai ya hangi ɗan jirgi mai hannuwa huɗu yana shawagi yana ɗaukar hoto. Wannan yana ɗaya daga cikin jiragen da Hausawa suke kira jirgi maras matuƙi, watau wanda ake sarrafawa daga ƙasa. Galibin masu kallo sukan ɗauka cewa ƙera irinsa sai manyan masana'antu. Amma kayan da ke cikinsa ba su wuce kashi shida ba, kuma ɗan koyo mai haƙuri yana iya harhaɗa su a kan teburin ɗakinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake wannan aiki. Za a duba tarihin jirgin a taƙaice, da yadda yake tashi, da kayan haɗinsa, da lissafin da ake yi kafin a sayi kome, sannan a bi matakan harhaɗawa har zuwa tashin farko. Abin da za a gani shi ne, ƙarfin moto yana iya ɗaga jirgin daga ƙasa, amma daidaito ne yake riƙe shi a sama. Wanda bai fahimci haka ba zai yi hasarar kuɗinsa a cikin ƙiftawar ido, wataƙila ma har da yatsunsa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Dabarar ɗaga jirgi da farfela huɗu tsohuwa ce. A shekarar 1907, a ƙasar Faransa, wasu 'yan'uwa biyu, Louis da Jacques Bréguet, tare da Farfesa Charles Richet, sun ƙera wani jirgi mai farfela a kusurwoyi huɗu. Ya ɗaga daga ƙasa kamar santimita 60, amma sai da mutane suka rirriƙe shi don kada ya kife. A watan Disamba na 1922 George de Bothezat ya gwada wani makamancinsa da ya ƙera wa sojan Amurka, sai dai a 1924 sojan suka janye hannunsu daga aikin. A wannan shekara ta 1924 ne kuma wani Bafaranshe, Étienne Oehmichen, ya yi kewayen kilomita ɗaya da nasa jirgin, ya dawo inda ya tashi.

Duk waɗannan jirage matsalarsu ɗaya ce. Jirgi mai farfela huɗu ba ya tsayawa daidai da kansa. Da zarar gefe ɗaya ya ɗan rinjayi ɗaya, sai karkatar ta yi ta ƙaruwa. Matuƙi kuwa hannu biyu gare shi, ba zai iya bin farfela huɗu da gyara a kowane lokaci ba. Saboda haka hankalin maƙera ya koma ga jirgi mai saukar ungulu, mai babbar farfela ɗaya a sama da ƙarama a wutsiya, irin wanda Igor Sikorsky ya gwada a Amurka a 1939.

Abin da ya dawo da tsohuwar dabarar shi ne samuwar 'yan mitsi-mitsin na'urorin auna motsi, irin waɗanda suke sa hoton wayar hannu ya juya idan an kishingiɗar da ita. A 2005 aka fito da allon Arduino a Italiya, wanda ƙaramar kwamfuta ce mai araha da aka yi domin ɗalibai. Wajen 2010 masu sha'awar ƙere-ƙere suka riƙa ciro ma'aunan motsi daga marikin wasan Nintendo Wii suna haɗa su da Arduino, suka rubuta manhajar da aka sa wa suna MultiWii, suka bar ta kyauta ga kowa. Daga zuriyarta ne aka sami manhajar Betaflight. Ta fuskar kasuwa kuwa, kamfanin Parrot na Faransa ya fito da AR.Drone a 2010, kamfanin DJI na ƙasar Sin ya biyo baya da Phantom a 2013.

3.0 Yadda Jirgin Yake Tashi

Farfela tana tura iska ƙasa, ita kuma iskar ta tura farfelar sama. Wannan ita ce ƙa'ida ta uku daga cikin ƙa'idojin motsi da Isaac Newton ya bayyana a 1687, watau duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi baya da gwargwadon wannan ƙarfi. Idan turin farfela huɗun ya fi nauyin jirgi sai ya hau. Idan sun yi kunnen doki sai ya tsaya cik a sarari. Idan nauyi ya rinjaya sai ya sauko.

Wannan ƙa'ida tana da wani sakamako. Moton da ke juya farfela zuwa dama yana murɗa gangar jikin jirgin zuwa hagu. Da a ce duka farfela huɗun suna juyawa ta fuska ɗaya, da jirgin ya yi ta katantanwa a wuri ɗaya. Don haka biyu suke bin hannun agogo, biyu suna saɓa masa. A tsarin da aka fi bi, ta gaba ta hagu da ta baya ta dama su ne masu bin hannun agogo, ta gaba ta dama da ta baya ta hagu su ne masu saɓawa. Ta haka murɗin biyu yake kashe murɗin biyu.

Jirgin ba shi da sitiyari, ba shi da fiffike mai motsi. Duk tafiyarsa daga bambancin gudun moto take fitowa, kuma iri huɗu ce:

(a) Hawa da sauka: a ƙara wa duka huɗun gudu ko a rage.

(b) Sunkuyo: idan na baya biyu suka fi na gaba gudu, jirgin ya sunkuyar da kai ya yi gaba.

(c) Karkata: idan na hagu biyu suka fi gudu, jirgin ya karkata dama ya nufi can.

(d) Waiwaye: idan masu bin hannun agogo suka fi gudu, gangar jikin ta juya ta saɓa wa hannun agogo, alhali jirgin yana nan inda yake.

Saura batun daidaito. Yarinya mai talla takan yi tafiya da tire a ka ba tare da ta riƙe shi ba. Mai kallo zai ce tiren a zaune yake, amma wuyanta yana ta gyara, kaɗan-kaɗan, tun kafin karkatar ta kai inda ido zai gani. Aikin da ƙwaƙwalwar jirgi take yi ke nan. Tana tambayar ma'aunanta halin da jirgi yake ciki, ta kwatanta da abin da mai tuƙi ya nema, ta umarci kowane moto ya ƙara ko ya rage. Allon Arduino yakan maimaita wannan kamar sau 250 a daƙiƙa ɗaya, sababbin alluna kuwa sau dubbai. A kowane gyara tana lura da abu uku: girman karkatar a yanzu, da tsawon lokacin da karkatar ta ɗauka ba ta gushe ba, da kuma saurin da take ƙaruwa ko raguwa. Injiniyoyi suna taƙaita wannan lissafi da haruffan PID.

4.0 Kayan Haɗi

Za a ɗauki misali da jirgi matsakaici, wanda tsakanin moto da wanda ke kusurwar da ke fuskantarsa ya kai milimita 450, domin shi ne wanda 'yan koyo suka daɗe suna farawa da shi.

4.1 Gangar jiki: Hannuwa huɗu ne da suka gitta juna, da faranti a tsakiya. Ana sayar da na roba da aka riga aka zuba, amma ana iya yin ta da sandunan katako marar nauyi da ɗan falle na filawud. Sharaɗi shi ne hannuwan su zama tsawo ɗaya, kuma kada su riƙa lanƙwasa.

4.2 Moto: Wanda ya dace da wannan girma shi ne marar burushi, mai wayoyi uku, wanda ake rubuta wa lamba 2212. A jikinsa akan ga wata lamba kamar 1000KV. Ma'anarta ita ce, a kan kowane bolt ɗaya na lantarki moton zai juya sau 1,000 a minti idan ba a ɗora masa farfela ba. Ke nan da batir mai bolt 11.1 zai kai kimanin juyi 11,100 a minti.

4.3 Farfela: Mai lamba 1045 tana da faɗin inci 10, watau kusan santimita 25, kuma an murɗa ta yadda juyi ɗaya zai ci inci 4.5 na iska. Iri biyu ce, ta dama da ta hagu, ba a musanya su.

4.4 Madaidaicin gudu: 'Yan kasuwa suna rubuta shi ESC. Aikinsa ya yi kama da na regiletar fanka, sai dai shi daga ƙwaƙwalwa yake karɓar umarni. Kowane moto da nasa, kuma mai ɗaukar amfiya 30 ya wadatar.

4.5 Ƙwaƙwalwa da rimot: Ƙwaƙwalwar allo ce ƙarama mai ɗauke da ma'auni biyu. Ɗaya yana auna saurin juyawar jirgi, ɗayan yana gane inda ƙasa take. Wanda yake so ya koyi rubuta manhaja yana iya haɗa Arduino da ma'aunin MPU-6050, wanda ya ƙunshi duka biyun. Wanda yake so ya tashi da wuri sai ya sayi allon da ke aiki da Betaflight ko ArduPilot. Rimot kuwa yana aika saƙo ta zangon gigahaz 2.4 zuwa ga wata 'yar na'ura mai karɓa da ke jikin jirgi. A tsarin da ya fi yaɗuwa, sandar hagu ita ce ta hawa da waiwaye, ta dama ta sunkuyo da karkata.

4.6 Batir: Na litiyam ne, wanda ake kira LiPo. Kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2. Mai ɗaki uku, wanda ake rubutawa 3S, shi ne mai bolt 11.1, in ya cika 12.6.

5.0 Lissafi Kafin Saye

Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a fitar da ko kwabo, sai a ɗauki takarda a tara nauyin kayan. Alal misali, gangar jiki giram 280, moto huɗu giram 220, madaidaitan gudu giram 100, batir giram 190, farfela giram 40, ƙwaƙwalwa da wayoyi giram 70. Jimla giram 900 ke nan.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce turin moto huɗu ya ninka nauyin jirgi aƙalla sau biyu. A nan ana bukatar turin giram 1,800, watau giram 450 daga kowane moto. Moton da aka ambata a sama, da wannan farfela da wannan batir, yakan ba da fiye da haka. Dalilin ninkin shi ne, jirgin da yake bukatar dukkan ƙarfinsa don ya tsaya a sarari ba shi da rarar da zai gyara karkata da ita. In iska ta bugo shi, ƙwaƙwalwa za ta ba da umarni amma moto ba shi da abin ƙarawa.

Haka kuma ana iya ƙiyasta tsawon tashi. Batir mai lamba 2200mAh yana iya ba da amfiya 2.2 na tsawon awa ɗaya. Ba a shanye shi duka. Akan yi amfani da kashi 80 cikin 100, watau 1.76. Idan aka ƙaddara jirgin yana jan amfiya 10 yayin da yake tsaye a sarari, sai a raba 1.76 da 10 a ninka da 60, a sami kimanin minti 10 da rabi. Mai son ƙarin lokaci zai ce a sa babban batir, amma babban batir ƙarin nauyi ne, ƙarin nauyi kuwa ƙarin jan wuta ne. Akwai iyakar da in an wuce ta, batir kansa kawai yake ɗauka.

6.0 Matakan Harhaɗawa

Kayan aikin da ake bukata su ne ƙarfen liƙi da dalma irin na masu gyaran rediyo, da mitar gwajin lantarki, da sukudireba, da filaya, da salatif na lantarki.

Mataki na farko, a ɗaure hannuwa da faranti, a ɗora moto a ƙarshen kowane hannu. A lura da tsawon kusoshin ɗaurin, domin doguwar kusa takan shige ta taɓa naɗin wayar cikin moto ta ƙona shi.

Na biyu, a liƙa wayoyin wutar madaidaitan gudu a kan farantin rarraba wuta, ja ga ja, baƙi ga baƙi. Kyakkyawan liƙi yana da santsi da sheƙi. Wanda ya yi dunƙule kamar tsakuwa zai saki a sama. Kafin a jona batir, wajibi ne a sa mita tsakanin ja da baƙi a tabbata ba su haɗu ba.

Na uku, a ɗora ƙwaƙwalwa a tsakiyar jirgi, kibiyar da ke jikinta tana duban gaba. A sa mata ɗan soso ko roba a ƙarƙashi, domin girgizar moto tana rikita ma'aunanta, ta riƙa gyaran karkatar da babu ita.

Na huɗu, a jona ƙwaƙwalwa da kwamfuta, a ajiye jirgi a daɓe mai shafe sosai, a sanar da ita cewa wannan shi ne daidai. Duk kuskuren da aka yi a nan, jirgin zai riƙa sulalewa gefe a sama. Daga nan a haɗa rimot da na'urar karɓa, a kuma tsara abin da jirgi zai yi in saƙo ya yanke. Ga ɗan koyo, abin da ya fi aminci shi ne moto su mutu nan take.

Na biyar, a gwada moto ɗaya bayan ɗaya ba tare da farfela ba. A tabbata wanda kwamfuta ta kira shi ne ya amsa, kuma ya juya ta fuskar da aka tsara masa. In ya juya a baibai, sai a musanya kowaɗanne biyu daga cikin wayoyinsa uku.

Na shida, a ɗaure batir, a ɗaga jirgi da yatsu biyu daga tsakiyarsa. In ya rinjaya gaba ko baya, a matsar da batir har ya daidaita. Sai bayan duk wannan ne ake ɗaura farfela, kowace a kan motonta, rubutun jikinta yana duban sama.

7.0 Tashin Farko

A nemi fili fetal, nesa da mutane da dabbobi da wayoyin lantarki, da sassafe kafin iska ta taso. Mai tuƙi ya tsaya a bayan jirgi da tazarar taku biyar ko shida, yadda hagun jirgi zai zama hagunsa. Ya ƙara wuta sannu a hankali har jirgi ya ɗaga kamar mita ɗaya, domin kusa da ƙasa iskar farfela tana dawowa ta dame shi. Ya riƙe shi nan na ɗan lokaci, ya sauke. Wanda ya fara yin atisaye da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta zai rage yawan farfelar da zai karya.

Halin jirgi yakan faɗi ciwonsa. In ya kife tun bai bar ƙasa ba, to an musanya farfela, ko jerin moto, ko kuma kibiyar ƙwaƙwalwa ba gaba take duba ba. In yana makyarkyata, gyaran da ƙwaƙwalwa take yi ya yi yawa, sai a rage. In yana lilo a kasalance, gyaran ya yi kaɗan. In moto ɗaya ya fi sauran zafi bayan sauka, mai yiwuwa nauyi ya taru a gefensa. A lokacin hunturu kuma ya kamata a riƙa hure ƙura daga moto, domin maganaɗisun cikinsa yana jawo burbushin ƙarfe daga turɓaya.

8.0 Haɗari da Doka

Haɗura biyu ne manya. Na farko farfela, wadda take yanka fata kamar aska. Ba a taɓa yin gyara da farfela a ɗaure alhali batir yana jone. Na biyu batir. Batirin litiyam yana kamawa da wuta in an huda shi, ko an cika shi fiye da bolt 4.2 a kowane ɗaki, ko wayoyinsa sun haɗu. Ana cajinsa da cajar da ke daidaita ɗakunan, a kan siminti, da bokitin yashi a kusa, kuma ba a tafiya a bar shi. In ɗaki ya sauka ƙasa da bolt 3.0 ya lalace, don haka akan sauko da jirgi tun yana wajen 3.5. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi a kan 3.8, a inuwa, ba cikin motar da ke rana ba. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki.

Sararin sama kuma yana da masu shi. A watan Disamba na 2018 rahotannin ganin irin waɗannan jirage sun sa an rufe filin jirgin sama na Gatwick a Ingila, abin da ya shafi tashi da saukar jirage kusan 1,000 da fasinjoji kimanin 140,000. A Amurka, tun daga Disamba 2015 aka wajabta rajistar jirgin wasa da ya wuce giram 250, kuma ƙasashe da dama sun ƙayyade hawa a kan mita 120. A Nijeriya, a 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta sanar da cewa ba a tayar da jirgi maras matuƙi sai da izninta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Saboda haka ya wajaba ɗalibi ya binciki ƙa'idar da ke aiki a inda yake kafin ya fita fili, ya kuma nisanci filayen jiragen sama da barikokin soja. Har ila yau, in an ɗaura wa jirgi kyamara, haye katangar mutane da shi leƙen gida ne, ko da mai tuƙin yana tsaye a waje.

9.0 Kammalawa

An ga cewa maƙeran 1907 da na 1922 sun sami ƙarfin ɗaga jiragensu, abin da ya gagare su shi ne riƙe su daidai, kuma sai da aka shafe shekaru kusan ɗari kafin ƙaramin allo mai araha ya karɓi wannan aiki. Amma allon ba ya gyara sakacin maƙeri. Idan hannu ɗaya ya fi tsawo, ko batir ya zauna a gefe, ko liƙi ya yi sako-sako, ƙwaƙwalwa za ta ƙare ƙarfin moto wajen yaƙi da kuskuren da aka gina a jikin jirgi. Ɗalibin da ya bi waɗannan matakai a tsanake zai fita da iya liƙin dalma, da karatun mita, da lissafin batir, da sanin yadda na'ura take auna kanta ta gyara kanta. Wannan sani ne da zai yi masa amfani a gyaran inbata da haɗa wutar sola da sauran ayyukan lantarki, ko da jirginsa na farko ya ƙare a kan reshen dalbejiya.